Da Tantan Muka Yi Casar Azumi

Saura kwana tara a kama azumin 2024 taransifomar unguwarmu ta yi wata ƙara cikin dare. Da gari ya waye muka tarar mai ya tsiyaye a gindinta, yara sun kewaye suna kallo. Wanda ya taɓa zama a gari irin namu ya san abin da ke biyo baya: a yi karo-karo, a rubuta takarda, a kai, sannan a zauna jira. Ni kuwa ɗan injin casar shinkafa gare ni a bayan garin Argungu, kuma duk shekara babu lokacin da mata masu turara suke cika mini rumfa kamar jajibirin azumi. Kafin azahar buhu ya haura talatin a jingine, kowace ta aiko yaro ya zauna kan nata don kada a tsallake ta.

Janaretan da nake dogaro da shi ya buga tun damina. Kuɗin gyaran da aka yanka mini ne ya sa na ce a lulluɓe shi da buhu tukuna, sai Allah ya hore.

Makanikenmu dattijo ne, ya tsufa cikin gyaran taraktoci. Shi ya zo wucewa ya tarar na zabga tagumi. Ya dubi buhunan, ya waiga ya dubi gindin dogon yaron da ke ƙofar gida, ya ce, "Alhaji, doki saba'in da biyar na ɗaure ƙarƙashin icce, kai ko kana nan kana kukan wuta?"

Tantan ɗinmu, wato tarakta, yake nufi. Massey Ferguson 375 ce, ta hannu, ni da yayana muka haɗa kuɗi muka saya a shekarun da noman rani ya kankama, bayan shirin ba manoman shinkafa bashi da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. Da an gama haro a fadama an dasa, sai ta koma gindin bishiyar nan ta zauna har ruwa ya sauka, in ba ɗan jigilar taki ko yashi ba. Na je wurin Yaya da maganar. Bai so ba. Ya ce tantan ta noma ce, ba a saye ta don ta tsaya wuri ɗaya tana kuka ba. Da na matsa ya kafa sharaɗi biyu: gas da baƙin mai da duk abin da ya lalace a wuyana, kuma ranar da ruwan shuka ya sauka za ta koma gona, ba roƙo ba ban haƙuri. Na ce na yarda, don a ranar damina nisa gare ta.

Abin da ya sa dabarar take yiwuwa wani guntun ƙarfe ne mai tsagi shida da ke leƙowa a bayan tarakta, tsakanin hannuwan da ake rataya garma. Makanikai fitiyo suke ce masa, da shi ake juya injin sussuka da makamantansa. An tsara shi ya juya sau 540 a minti, kuma a tamu hakan na samuwa idan injin ya kai kusan 1,800. Har alama akwai a agogon gaban direba da ke nuna wurin. Shekara nawa ina kallon alamar nan ban taɓa tambayar ta mece ce ba.

Ita kuma wutar lantarki tana da nata bugun. Wadda ke taso mana daga Kainji ta biyo babban layi zuwa Birnin Kebbi, kai da komo take yi sau 50 a kowane sakan, kuma duk moto da firiza da famfon da ake sayarwa a ƙasar nan a kan 50 ɗin nan aka gina shi. Kan janareta irin wanda masu casa ke amfani da shi ba ya ba da wannan 50 sai ya juya sau 1,500 a minti. To ga 540 a hannu, ga 1,500 ana nema. Kwana biyar da muka yi muna fama, wannan giɓin muke cikewa. Akwai janaretan da ake ƙerawa musamman don tarakta, da giyabos ɗinsa a haɗe, ka rataya shi a baya kamar garma ka kunna. Ban same shi kusa ba, kuma buhunan ba za su jira a yi oda ba.

Da farko na ɗauka kan tsohon janaretana za mu cire, tunda injin ne ya mutu ba koyil ba. Muna kwancewa makanike ya girgiza kai. Boris ɗaya gare shi, a baya. Gabansa a jikin injin yake rataye, injin ne ke tallafe da shi, in ka raba su ya zama gado mai ƙafa biyu. Ya ce ana iya sassaƙa masa mazauni, amma in saitin ya kuskure ko da kaurin farce ne, cikin zai riƙa gogar koyil har ya cinye shi. Washegari na yi sammako Sakkwato na sayo wani na hannu, ɗan China mai ƙafafu, boris biyu, layi uku, kilowat 24.

Girman ba da ka muka zaɓa ba. Lissafin makanikai shi ne a ba kowane kilowat ɗaya doki biyu na tarakta, don a bar rarar da injin zai numfasa in nauyi ya faɗo masa farat ɗaya. Kilowat 24 ke nan doki 48. Saba'in da biyar ɗin nan kuwa a takarda yake. Kafin ƙarfin ya iso fitiyo ya ragu, tsufa ma ya ci nasa rabon. Duk da haka akwai sarari.

Sai fuli. Babba mai inci 20 a ɓangaren tarakta, ƙarami mai inci 7 a kan janareta. Dattijon ya tsuguna ya buga lissafin a ƙasa da tsinke: 540 sau 20, a raba da 7, ya ba da 1,540 da 'yan kai. Wato ba sai mun kai totur kan alamar nan ba, ɗan ƙasa da ita kaɗan ya isa ya ba da 1,500. Mai walda ya haɗa mana gado na ƙarfe mai kauri, aka ɗora babban fulin a kan sanda da boris biyu, muka aro sandar fitiyo ta injin sussuka mai kuros, wato gaɓar da ke lanƙwasawa tana juyi, a kowane kai. Gadon kuma da noti muka ɗaure shi a daɓen siminti. Na so a bar shi haka nan a danne da duwatsu don sauri, makanike ya ce ƙarfin da ke juya koyil shi ne dai zai nemi kifar da gadon duka, in ina son in ga janareta na tashi sama to bismilla.

Wani zai ce, me ya hana ku ja injin casar kai tsaye da bel daga tarakta, ku huta da zancen wuta? Tambaya ce mai kyau, shi ma makaniken ya kawo ta, kuma gaskiya hakan ya fi tsimin mai. Da yawan masu casa a ƙauyukanmu da injin gas suke ja kai tsaye, ba ruwansu da lantarki. Amma ni ba injin casa kaɗai gare ni ba. Akwai na tsince tsakuwa mai nasa moton, akwai famfon rijiyar burtsatse da masu turara ke ɗibar ruwa, ga firizar gida. Bel ɗaya ba ya zagaya waɗannan duka.

Inda muka yi ja-in-ja sosai da mai wayarin ne, yaro matashi, sa'an ƙanena. Na ce ya jona wayar janareta a allon wutar rumfa kawai, in ya so mu riƙa kashe babban makunni da hannu. Ya ajiye filayarsa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, in babu cenjoba ba ni sa hannu." Na ce taransifomar ma ta mutu, wace wuta za ta zo? Ya ce ba wadda za ta zo yake tsoro ba, wadda za ta fita. Ranar da aka manta makunnin nan a kunne, wutar tantan za ta bi waya ta fita layin unguwa. Taransifoma kuma ba ta san gaba da baya ba: yadda take sauko da bolt dubu goma sha ɗaya zuwa ɗari huɗu da 'yan kai, haka za ta ɗaga taka ta mayar dubbai in ka ba ta ta baya. Ma'aikacin da ya hau falwaya yana da tabbacin layi a mace yake, kai ka kashe shi kana nan kana auna shinkafa. In kuma an dawo da wuta ta yi karo da taka, koyil ɗin da ka sha wahala ka sayo ne zai ƙone. Na ji haushin kuɗin, amma na bayar. Ya sa cenjoban, makunni ne mai hannu ɗaya: sama wutar gari, ƙasa ta tarakta, tsakiya babu ko ɗaya, ba yadda za a yi su haɗu. Ya sa bireka kusa da janaretan, ya kafa sandar atin a wuri mai damshi kusa da magudanar ruwa, ya ɗaure ta da jikin gadon.

Ranar Alhamis muka yi gwajin farko. Muka jera taraktar daidai da gadon don sandar ta miƙe sak, giya a furi, birki a ja, duwatsu gaba da bayan taya. Aka sa fitiyo a hankali, aka riƙa ƙara totur na hannu. Ƙwan rumfa ya kawo, yaran da ke kan buhuna suka yi shewa. Ana tada moton casa sai bel ya yi wani kuka, warin roba ya cika wurin. Bel biyu na saya, don na ga kamar huɗun da aka ce almubazzaranci ne. Na tura yaro kasuwa ya ƙaro biyu. Da muka sake tayarwa moton ya tashi lafiya, amma da baya yake juyawa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an yi asara. Mai wayarin ya yi dariya, ya kashe komai, ya musanya waya biyu cikin ukun, moton ya dawo hanyarsa. Ashe haka wuta mai layi uku take, jerin wayoyin ne ke faɗa wa moto inda zai nufa.

Ranar Juma'a ba zan manta da ita ba. Muna cikin aiki Yaya ya biyo daga masallaci da babbar rigarsa ta shadda, ya zo ganin abin da ake yi da tantan ɗinsa. Maimakon ya zagayo, sai ya nufi tsakanin tarakta da gadon zai tsallake sandar. Ban taɓa jin dattijon nan ya ɗaga murya ba sai ranar. "Alhaji, tsaya nan! Kada ka ƙara taki!" Yaya ya tsaya cak, gefen rigar na kaɗawa bai fi kamu ɗaya da kuros ba. Juyi 540 a minti, tara ke nan a sakan guda. In ta kama bakin riga, kafin mutum ya ce wayyo ta naɗe shi, kuma doki saba'in ba ya jin nauyin ɗan Adam. Ba mu sake tayarwa ba sai da aka tsaga tsohuwar ganga aka kifa a kan sandar da fulin, aka kewaye wurin da igiya. Na kafa doka: babu babbar riga, babu rawani mai jela, babu mayafi, babu yaro a cikin igiyar nan. Mata sun yi ta mita don an nisanta musu wurin ajiye kwarya. Na toshe kunnena.

Daga nan aiki ya miƙa. Buhunan suka ragu, labari ya bazu, har daga wasu unguwanni ake kawo shanshera a amalanke. Na fara jin kaina gwani, a nan kuwa na ci duka.

A makon farko na azumi uwargida tana sayar da ƙanƙara, ta roƙa a bar mata wuta da dare. Bayan asham na bar direbanmu a wurin na shiga gida na kwanta. Yaron kirki ne, tausayina ya ji. Ya ga ba a casa, ƙwan lantarki ne kawai da firiza, ga inji na ta ruri yana shan gas, sai ya sassauta totur har ƙarar ta yi daɗin ji. Ya duba ƙwai, haskensu bai canza ba, ya ce lafiya lau. Ƙwan zamani mayaudari ne: ko wuta ta yi ƙasa sosai haskensa yana nan. Da irin na da ne mai zare a ciki, da ya yi ja ya tona asiri. Da juyi ya sauka, bugun ya bar 50, ƙarfin wutar ma ya bi shi ƙasa. Kwamfaresar firiza ta yi ta yunƙurin tashi tana kasawa, tana zafi, har ta ƙone. Da sahur ruwa muka tarar a ledoji. Abin da na ji daga bakin uwargida ba na rubutawa ba ne, kuma da gaskiyarta.

Ban yi wa yaron faɗa ba, don ni ban taɓa gaya masa dalili ba, ni ma a ranar na gama fahimta. Janareta na gaske yana da gwamna, wato na'urar da ke riƙe gudun inji, da aka ɗaure a gudu ɗaya, ba mai taɓawa. Tarakta kuwa an yi ta ne don direba ya ƙara ya rage yadda ƙasa ta nuna masa. In ka mai da ita injin wuta, to kai ne gwamnan. Na sayo mita mai manyan lambobi da ke nuna bolt da bugun wuta, muka kafe ta inda wanda ke kan kujerar tarakta zai gani, muka shafa jan fenti a inda hannun totur zai tsaya. Ba kaya a kai muna ajiye ta a 52. Moton casa na ɗauka sai ta sauko 50 ko 49. In ta yi ƙasa da 48, mai zuba shinkafa ya buɗe maƙogwaron injin da yawa ne, sai a rage. Bayan mako biyu ko ban dubi mitar ba kunnena na gaya mini, don muryar tarakta kan yi kauri in an cika mata kaya.

Tsarin tayarwa ma ya zauna mana kamar alwala, ba a tsallake gaɓa. A duba ruwa da baƙin mai, a bar inji ya ɗumama, a sa fitiyo da ƙaramin totur, a hau har 52, sannan bireka, sannan cenjoba. Babban moto ake fara tayarwa, kuma cikin injin casa babu ko ƙwaya, domin moto a lokacin tashi yana jan wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci in ya daidaita. Namu mai doki 15 ne, da makunni mai hawa biyu da ke sassauta wannan fizgar. Bayansa na tsakuwa, sai famfo, sai sauran tarkace. Wurin kashewa a biyo ta baya: a sauke kaya duka, a kashe bireka, sannan a taɓa totur. Wanda ya rage totur da kaya a kan layi ya maimaita abin da ya ci firiza.

Sai zafi. Watan Maris a Argungu ba sai an ba ka labari ba, ga tarakta tsaye wuri ɗaya sa'o'i, ga buntu na tashi. Kwana uku allurar zafi ta fara hawa. Muka leƙa, gaban lagireto ya toshe da buntu kamar an manna tabarma. Muka ja wurin zubar da buntun can nesa, kullum da safe kuma a kakkaɓe lagireto da filtar iska kafin a tayar. Wani maƙwabci ya ba ni shawarar in gina mata ɗaki saboda ƙara da ɓarayin batir. Rumfar kwano kawai na yi, gefe huɗu a buɗe. Hayaƙin inji a rufaffen ɗaki ya sha kashe mutane suna barci, ba na son mai gadina ya shiga lissafin.

Gas kuwa da jarka na riƙa aunawa. In ana casa sosai tana shan wajen lita shida a awa. In ƙwai ne kawai da fanka, wajen uku, don dole injin ya riƙe gudunsa ko da abin da ake ja bai taka kara ya karya ba. Raƙumi ke nan ka ɗora wa ƙullin goro. Saboda haka na daina kunna ta don haske. Na tara komai a lokaci guda: daga bayan asuba zuwa hantsi ana casa, a lokacin famfo ke cika tanki, sabuwar firiza na kama sanyi, 'yan unguwa na cajin waya a benci. Da dare fitilar sola ta ishe mu. A haka ne kuɗin casa ya riƙa biyan gas har a sami na cefane, bayan na ɗan ƙara farashin buhu, abin da ya jawo mini wata mitar. Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a aljihu nan take: awannin da suka hau kan injin. Juyen baƙin man da a da sai an gama kaka, cikin wata guda da 'yan kwanaki ya zo. Yaya yakan biyo ya leƙa agogon awa, ya yi gyaran murya, ya wuce.

Bayan salla aka kawo taransifoma. Babu wanda ya sanar da ni. Muna tsakiyar casa na hango mutum a saman falwayar da ke bakin rumfata, wayoyi a hannunsa. Na juya na dubi hannun cenjoba yana ƙasa inda ya kamata, na daɗe ina kallonsa. Da yamma na aika wa mai wayarin da kwano biyu na shinkafa, ban ce na mene ne ba.

Dawowar wutar ba ta sa mun kwance kayan ba, don ana kawowa ana ɗaukewa, sai dai tantan ta samu hutu. Haka muka yi ta yi har daren da aka yi ruwan shuka. Ko karyawa ban yi ba direba ya yi sallama, ya ce Yaya ya ce a ɗaura garma. Muka zare sandar, na shafe tsagin fitiyo da giris na mayar masa da murfinsa, muka sassauta bel huɗun, muka lulluɓe janaretan da tamfol. Ƙarfe goma aka ɗauke wuta, da buhu takwas a rumfa. Na ɗauki waya na kira Yaya, ina jin kukan tantan a bayansa can cikin fadama. Kafin in gama gaisuwa ya ce, "Ruwa ya sauka ko bai sauka ba?" Na ce ya sauka. Na kashe wayar, na ba matan haƙuri, na sa yara suka yaye buhun da ke kan tsohon janareta, muka fara kwance notinan injin don a kai shi gareji.